Kasuwar Ɗige-ɗige

A wani bene a Tudun Wada, sanyin Jos na cizon yatsu,
na zuba mutum dubu uku cikin kwamfuta.
Ɗige-ɗige ne, ba suna, ba dangi.
Kowa na rataya masa doka uku:
nemi araha, guji ruwan sama,
in ka ga cincirindo, bi.

Na kafa rumfar a yanar gizo, ƙofa a buɗe,
mai so ya ɗebi tubalina
ya gina nasa garin.

Na danna. Farin Gada ta cika.
Tumatir ya hau, ya sauko.
Ran kwana arba'in kasuwa ta watse,
ba gobara, ba faɗa.
Dalyop ya kwana farautar kuskure,
ko ɓera bai kama ba.

Goggo Lantana, shekara talatin a kan dankali,
ta leƙo, ta gyara tabarau:
"Wanne ne a cikinsu ke ba da bashi?"

Shiru. Sai kukan janareta.

Layi huɗu na ƙara a daren:
ɗauka, ka kawo ran Laraba.
Har yau kasuwar na ci.
Akwai ma wani ɗigo, ban koya masa ba,
da ya daina bi ta layin masu albasa.