Murjanin Tabawa

Kakata Tabawa da ƙafa ta iso Sawakin,
shekara biyu da wata bakwai daga Haɗeja,
da sili ɗaya na murjani a wuya.
Ta miƙa wa mai jirgi, aka ce kuɗin haye bai cika ba.
Jirgi ya tafi, murjani ya tafi,
ita ta zauna tuyar ƙosai gindin tsohon bango
har ranar da aka ɗauke ta.

Ni gyaran injin kwalekwale nake yi.
Shekara talatin ina kallon ruwan nan ta baya,
kamar maƙwabcin da ba a taɓa shiga gidansa ba.

Ohaj nake bi bashi, na fanfo da na aiki.
Ya ce, "Kallamu, kuɗi babu,
amma akwai iska a tukunya."
Sati guda yana koya mini a ruwa iya ƙirji
yadda ake yarda da robar da ke baki.

Ran Talata ya goya mini tukunyar ƙarfe,
ya yi mini ɗamara da dalma,
ƙafafuna suka koma na agwagwa.
Na yi bisimilla, na faɗa da baya.

Ɗumi.
Kamar ruwan da aka sirka wa mai jego.

Kunne ya fara ƙara, na toshe hanci, na hura,
wata 'yar ƙofa ta buɗe a cikin kaina.
Babu sauran Larabci, babu Hausa,
sai numfashina, gur-gur-gur,
yana hawa sama ba tare da ni ba.

Ashe gari ne.
Ga soraye, ga lunguna, ga rumbuna a jere,
ga wani faffaɗa kamar faifai,
ga wani da ƙahoni kamar na barewa.
Ƙananan kifaye ruwan goro sun cika hanya
kamar an tashi daga makaranta.
Wani shuɗi mai bakin aku yana gurgurar dutse,
ƙaras-ƙaras, da kunnena na ji,
ya wuce yana zubar da rairayi, ko kunya babu.
Wata tsohuwar kififiya ta dube ni sau ɗaya,
kallon da ake wa baƙon da bai yi sallama ba.

Na nemi ja, ban gani ba.
Ashe ja ruwa ke fara karɓa, kamar kuɗin ƙofa.
Ohaj ya kunna tocila ƙarƙashin wani rami,
sai ga shi ya kama, jawur,
yana motsi, yana buɗe 'yan bakuna, yana ci.
Ina tsammani dutse ne ta saka a wuya.
Mai rai ne, Inna. Mai rai.

Hannuna ya tafi da kansa.
Ohaj ya riƙe shi, ya kaɗa yatsa.
Ya nuna mini can gefe, wata unguwa fari fat,
babu kifi, babu motsi,
inda zafin bara ya yi wa gari likkafani.

Allura ta sauka, ya ɗaga babban yatsa.
Muka tsaya a rataye tsakanin ƙasa da sama,
minti uku, kamar masu jiran jirgi.

A kwalekwale yana dama jabana da citta
ya ce, "Na kakarka ba irin na nan ba ne,
daga wani teku ake kawo shi. Dangi ne dai.
Amma bangon da ta jingina da shi,
duk gidajen Sawakin, da me kake jin aka gina?"

Na yi shiru, gishiri na bushewa a gemuna.
Shekara arba'in tana kukan sili ɗaya
da bayanta a jikin murjani.

Na ce, "Ohaj, bashinka bai biyu ba.
Saura Talata biyu."