Hamsin da Biyu

Ran Talata a-kori-kura ke isowa Zakirai,
ta sauke naɗin waya a gindin darbejiyata.
Sabi'u ɗan kwangila ya leƙo ta taga,
bai ko kashe mota ba:
"Dubu huɗu, Malam Haladu. Hannun bokiti.
Santimita hamsin da biyu,
kar ta ɗara, kar ta gaza."

Shekara goma sha ɗaya na yi a Sharaɗa
ina ciyar da inji waya, yana tofo ta a yanke.
Ran da mai kamfani ya buga lissafi,
ya ga man janareta ya fi gumin mutum tsada,
sai aka sallame mu da la'asar,
aka biyo mu gida da aikin da safe.
Ba albashi, ba katin asibiti.
Dami nawa ka yanka? Ga kuɗinka.

Babana da kamu yake awo, da taƙi, da gaɓar yatsa,
igiyar rijiya ba ta taɓa kai shi ƙara ba.
Ni kuwa ƙusa biyu na kafa a katako,
tsakaninsu nan abincin gidana yake.
In miƙe waya, in danna ta ga ƙusa,
in ja numfashi,
ƙas!
In bi bakin da magagari don kar ya tsage hannun
wata mai ɗebo ruwa da ban santa ba.

Da zafin rana ƙarfe kan yi miƙa,
da asuba ya takure kamar tsoho.
Wannan ba ya cikin takardar Sabi'u.
Ni na sani, tafin hannuna ya sani.

Ran Asabar ya dawo da ma'auninsa mai baki kamar na kada.
Ya zaro ɗaya a tsakiyar dami, ya matse,
ya karkata kai.
"Ta gaza da kaurin farce."
Kaurin farce!
Daminmu guda ya koma gefe, ba ko sisi.
Talatu ta ji daga bayan zana,
ta rage gero a ƙwarya, ba ta ce komai ba.

Shi ma, in gaskiya za a faɗa, awonsa ake yi.
Akwai wani a ofis mai ma'auni a aljihu,
shi ma wani na auna shi daga Ikko.
Tsani ne, kowa na taka kan wani,
ni ne matakin da ke taɓa ƙasa.

Bara aka ce sabon inji zai zo ta ruwa,
yana yanka dubu kafin a idar da alwala.
Na ce Allah ya kawo shi lafiya,
ya kawo wutar da zai sha.

Wayar da aka ƙi kuwa ba ta kwana a bola ba.
Na saƙa wa kaji akurki,
na ɗaure bakin rumbu.
Sauran Ilu ya kwashe, ɗan autana,
ya lanƙwasa mota da tayoyin silifas,
har da taga, har da ɗan kwangila na kara a ciki.
Jiya ya tuƙo ta gabana, ya ci birki da baki,
ya ɗaga hannuna yana dubawa,
ya ce, "Baba, yatsan nan ya gaza."

Na duba. Shi ne wanda injin Sharaɗa ya auna.