Doki Nawa Ne Zai Hau Genipabu?

Baba ya bar min ƙwarangwal ɗin mota a bayan gida:
bututun ƙarfe, kujera huɗu, tayoyi masu faɗin faifai,
da gurbi a baya inda inji ke zama.
Tsohon injin ya riga shi mutuwa da wata uku.

Ni Edinalva, 'yar direban yashi,
na san kowane tudu da sunan da Baba ya raɗa masa,
amma ban san doki nawa ake ɗaura wa mota ba.

Josenildo, ɗan ƙanwar mamata, ya zo da hoto a waya.
Silinda shida, doki ɗari biyu da 'yan kai,
an ciro shi daga motar da ta yi karo a hanyar Natal.
Ya ce, "Ki taka totur sau ɗaya,
baƙi su yi ihu har teku ta ji.
Sisi dubu uku ne a cikinsa!"
Na ce sisin inji daban, sisin aljihu daban,
kuma na biyun ne ba ni da shi.

Tsoho Valdemiro bakanike bai kalli hoton ba.
Ya goge baƙin mai a wandonsa ya ce,
"Mutum nawa za ki ɗauka?"
Na ce huɗu, da akwatin ƙanƙara.
"Wane tudu ne ya fi ba ubanki wuya?"
Na ce wanda yake kira Goshin Suruka.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Dokin ƙarfe ma ci yake yi, yarinya.
Ɗari biyu za su sha man yini kafin azahar,
su nemi lagireto, yashi ya toshe shi,
nauyi ya danne baya, gaba ya ɗaga kamar mai girman kai,
haƙoran giya su zube ɗaya bayan ɗaya.
Yashi ba ya tsoron ƙarfi.
Tayar da ta fi sauri juyawa
kabarinta take haƙawa.
Ba gudun doki nake nema miki ba,
jan sa nake nema, tun daga ƙasa, a hankali."

Na ce to a mayar da irin na Baba,
dubu ɗaya da ɗari shida, doki hamsin.
Sai na tuna ranar da mota ta tsaya a tsakiyar Goshi,
Baba ya cire hula ya roƙi baƙo mafi ƙiba
ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.
Mutumin ya sauka. Bai ba da tukuici ba.
Da dare Baba bai ci abinci ba.

Mako biyu ina lissafi a bayan takardar kuɗin wuta.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
Muka tsaya a dubu ɗaya da ɗari tara,
kafireta biyu, doki casa'in,
wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba.

Ranar Talata da sassafe muka rage iskar taya.
Valdemiro a gefena, Josenildo a baya
da buhun siminti biyu a madadin baƙi.
Giya ta biyu. Ban taka har ƙasa ba.
Injin ya yi gurnani, bai yi kururuwa ba,
yashi na zamewa, mu muna hawa,
har teku ta bayyana a ƙarƙashinmu, shuɗiya, a shimfiɗe.

Josenildo ya ce da nasa ne da tuni mun sauka.
Wataƙila.

Ba zan ɓoye ba, da tsakar rana,
in yashi ya yi laushi kamar gari
kuma an haɗa ni da iyali masu jiki,
nakan yi kwaɗayin ƙarin doki goma.
Sai in ja da baya, in ɗauko gudu daga nesa.
Har yau dai ban ce wa kowa ya sauka ba.