Nan Pembina Nake Tsayawa

Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da sitiyari,
ni Wendell ɗan gidan Haugen, mutumin Grafton.
Na ɗauki dankali, na ɗauki alkama, na ɗauki gwozar sukari,
tayoyi goma sha takwas suna karanta mini hanya
tun daga Dakota har inda ƙasa ta gaji ta faɗa teku.
Kudu na sani, gabas na sani, yamma kamar aljihuna.
Arewa kuwa, nan Pembina nake tsayawa.

Nan ne layin. Ba dutse, ba katanga,
'yar rumfa ce da gilashi, da mutum cikin kaki,
da tambaya ɗaya tak: ina takardarka?
Gonar can da gonar nan iska ɗaya ke kaɗa su,
dinyoyi na ketawa ta sama, ba mai buga musu hatimi,
ni mai tan ashirin a baya, ni ne mai juyawa.

Renata mai raba mana lodi
ta faɗa mini sau shurin masaƙi:
"Yi fasfo, Wendell, lodin Winnipeg ya fi maiƙo."
Na ce kuɗinsa ya kai rabin tayar gaba.
Na ce layin kwastan cin yini ne, yini kuwa ba ya dawowa.
Na ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwarawa.

Abin da ban faɗa mata ba:
fom nake tsoro.
Rubutu kamar tururuwa, akwatuna ƙanana,
hannun da ke sarrafa tirela kan ƙanƙara
da ya ga biro sai ya hau rawa.

Sai in kwance kayana a filin iyaka,
Harjot, yaron da bai kai ɗana ba, ya zo ya ɗaura,
ya dafa aljihun ƙirji, ya ɗaga mini hannu,
mil ɗari tara nawa, saba'in ɗin ƙarshe nasa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Na saya mana gahawa duk da haka, yaron akwai girmamawa.

Wani dare cikin Janairu waya ta yi ƙara,
ina kwance bayan kujera, inji na gurnani don kada ya daskare.
Annika ce, 'yata, daga Steinbach inda aure ya kai ta:
"Baba, ya iso. Hancinka ya ɗauko."
Tafiyar awa guda tsakanina da wannan hanci.
Tankina cike, hanya a share,
na zauna ina kallon fitilun rumfar can
har gari ya soma wayewa.

A gidan waya matar ta ce, "Cire hula. Ban da murmushi."
Da hoton ya fito sai na ga abin dariya:
ashe goshina ma da tasa iyakar,
ƙasa rana ta gasa shi shekara da shekaru,
sama fari fat, bai taɓa zuwa ko'ina ba.
Ita ta riƙe mini takardar, ni na cike akwatunan,
harafi ɗaya, numfashi ɗaya, har muka kai ga gamawa.

Mako shida. Jariri ba ya jiran ambulan.
Kafin littafin ya zo ya koyi dariya ba da ni ba.

Yanzu in sabon direba ya tare ni gun shan dizal,
ya ce, "Tsoho, wai dole ne?"
Nakan ce ba dole, wasu sun tsufa a kudu lafiya lau.
Amma ba a fafe gora ranar tafiya,
kuma ba lodi kaɗai ke kiran mutum arewa.

Mai kakin ya duba hoton, ya dubi goshina.
"Me ka ɗauko?"
Na ce dankali, tan ashirin,
da 'yar motar katako, na sassaƙa ta da kaina,
tayoyinta goma sha takwas, duka suna juyawa.