Ɗaki Ɗaya da Rabi

Ranar da muka tare babu guɗa.
A-kori-kurar Nomau ta sauke mu a bayan Gulma
don tayarta ta ƙi taɓon hanya.
Sauran tafiyar a ka muka yi ta,
Kulu da tukwane, ni da kan keken ɗinki,
Ige rungume da kaza, tana yi mata bayanin inda za mu.

Mai gidan haya a Birnin Kebbi ya ba mu wata biyu.
Na ce masa ginina da saura.
Ya ce nasa ya ƙare, shi ya sa ake biya.

To, ga mu.
Ɗaki ɗaya mai kwano.
Na biyun ya kai linta ya tsaya, gajimare ne rufinsa.
Kabewa ta riga mu shiga can,
ta yaɗu daga ƙofa har inda na ce gado zai zauna.
Kulu ta ce kada a tuge ta,
baƙuwa mai ciki ba a korar ta.

Bangon nan ina karanta shi kamar allo.
Layi biyar na ƙasa, shekarar da fadama ta yi mana kirki.
Na samansu masu duhu yashin bakin gulbi ne,
ni da Arzika muka kwaso a amalanke
kafin bayansa ya hana shi sunkuyo.
Ga inda ambaliya ta ci shinkafa,
damina biyu ban ɗora ko bulo ɗaya ba,
har gansakuka ta ja layi a wurin don kar in manta.
Kusurwar gabas ta ɗan karkace.
Ni na ja igiyar, da la'asar, ina azumi.

Taga rami ce tukuna,
buhun taki muka kafa mata, iska na kaɗa shi.
Ƙyauren na tsohon shagon wani ne,
har yau da “Ba bashi” a jikinsa da jan fenti.
Kulu na dariya duk sanda ta tura shi,
ta san mai siminti na bin mu buhu huɗu.

Daren farko hadari ya haɗo.
Na kwanta ina ƙirga ƙusoshi a zuci,
waɗanda suka shiga daidai
da waɗanda suka lanƙwashe na ce gobe.
Ruwa ya sauko. Kwano ya ɗau ruri
har ba ka jin na kusa da kai.
Wuri biyu ya yi yoyo. Biyu kawai!
Ɗaya kan buhun gero, muka ja shi gefe,
ɗaya muka tara masa langa,
yana ɗiga, yana ɗiga,
Ige ta yi barci tana ƙirgawa.
Ni ban rintsa ba.
Shekara goma sha ɗaya in rufi ya zuba sai in nemi mai gida.
Yau na duba hagu da dama, babu kowa sai ni.

Da safe ƙasa na ƙamshi.
Rodi huɗu tsaye kan ginshiƙi suna jiran kankare,
Kulu ta riga ta ɗaura musu igiyar shanya.
A dokin ƙofa akwai sawun Ige
tun tana shekara uku, ranar da aka zuba daɓe.
Ta sa ƙafarta ciki, yatsu suka yi waje.
Ta ce gidan ne ya ƙanƙance.

Gado maƙwabci ya shigo ta inda katanga za ta bi,
ya tsaya ya yi sallama a ƙofar da babu.
Ya ce yaushe za a gama?
Na ce bari shinkafa ta nuna mu gani.
Na jawo masa bulo ya zauna,
cikin waɗanda ke jiran hawa bango,
Kulu ta miƙo kunu daga murhun duwatsu uku
a tsakiyar falo.