Yau Inji, Gobe Birki

A wani ɗakin bene a Brno
Vratislav ya faɗo da jirgin yaƙi sau goma sha tara.
Cikin kwamfuta ne.
Ko shayinsa bai zube ba.

Jikarsa Radka ta kife littafin
mai shafi ɗari bakwai:
"Kaka, ƙyale makaman nan tukuna.
Yau kunna inji kawai. Gobe birki."

Shekara talatin ya yi yana jan taragon gari,
ƙarfe ke nuna masa hanya.
Sama kuwa ba ta da layin dogo.

Daren Laraba ya ɗaga,
ya kewaya filin sau ɗaya,
ya sauka a karkace, taya ta fashe.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga,
ya ce a sake.