Ƙanƙarar Kwakwa a Agege

Ƙarfe shida, Agege ta riga ta jiƙe da gumi.
An ɗauke wuta tun tsakar dare,
fanka ta sandare a sama kamar ɓarawon da aka ritsa,
janareton maƙwabci yana tari a bayan katanga.

Mudassir ne ya kawo rigimar,
da littafin makaranta a hammata, shafi na sha tara:
wani farin ƙato mai tumbi,
hancinsa karas, wuyansa da gyale,
yana tsaye cikin sanyin da ko kakana bai taɓa ji ba.
"Baba, yau aka fara hutu. Shi za mu ci."

Na ce to.
Uwarsu tana aikin dare a asibiti,
ni kuwa ilimina a kicin
daga shayi sai ƙwai, sai wanke kofi.

Fulawa gwangwani biyu.
Ƙwai huɗu, ɗaya ya zaɓi siminti.
Madara, sukari, gishiri ɗan tsunkule.
Barira tana kaɗa ƙullu da ludayi,
gari ya hau mata gira,
shekara tara ta koma tamanin nan take.

Fanken farko ya ƙone ƙurmus.
Na biyu ya rantse ba zai rabu da kasko ba.
Na uku ya fito kamar taswirar ƙasar da ba a gano ba,
na cinye shi a tsaye don kada a samu shaida.

Sai hannu ya faɗa.
Babban da'ira, tumbi ke nan.
Ƙarami a bisansa, ga kai.
Idanu guntun dabino,
maɓallai ƙanumfari uku,
yankan gwanda ya naɗe wuya,
karas ya tsaya ƙiƙam yana shaƙar hayaƙin risho.

Tasi'u, autan gida, ya leƙa faranti ya taɓe baki.
"Wannan ai ja ne. Ina ƙanƙarar?"

Nan na tsaya, ludayi a hannu.
Wa ya taɓa sayen dusar ƙanƙara a bakin layin dogo?

Iya Bose ce ta jiyo mu ta taga,
ta miƙo rabin kwakwa da abin gogawa,
tana dariya har ɗankwalinta yana zamewa.
Na goga, na goga,
fari yana zuba siriri-siriri
a kan tumbi, a kan hanci, a kan gyalen gwanda,
a kan ɗan yatsana da ya sha yanka.

Yara suka sa safa a hannu,
Mudassir ya ɗauko hular sanyin da ban san muna da ita ba,
suna kaɗa haƙora da gangan,
"Wayyo sanyi! Wayyo ɗari!"
gumi kuwa yana bin ƙeyarsu layi-layi.

Kwatsam unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta.
Fanka ta farka da fushi,
ta kwashi kwakwar da ke faifai
ta watsa mana a kai, a kafaɗa, a cikin shayi.
Ba wanda ya yi magana.
Tasi'u ya ɗaga fuska, ya miƙa harshe.

Ƙarfe takwas uwarsu ta sauko daga danfo,
ƙafa a kumbure, ido a lumshe.
Ta tarar da guda ɗaya a rufe da kwano,
mai ido ɗaya, don wani ya kasa haƙuri.
Barira ta ce, "Namu ya fi na littafi, Umma.
Shi ba ya narkewa."

Ta zauna ko takalmi ba ta cire ba,
ta fara da hancin.

A ƙarƙashin tebur
tururuwa sun yi jerin gwano,
kowace da ƙanƙararta a ka,
suna kai wa Legas rabonta.